Ra'ayin Ya'ƙub Mai Guga

Idan ka fito daga tashar jirgin metro ta unguwar Ainu Shams a Alƙahira ka bi layin masu biredi, za ka ji ƙamshin sitati da tururi kafin ka hango shagon. Shagon guga ne na wani dattijo ɗan Masar da ake kira Amm Hasan, sai dai Amm Hasan ya daɗe da ajiye dutsen guga. Aikinsa yanzu zama a kujerar bakin ƙofa, da shan shayi, da yi wa ƙudaje faɗa. Mai yin aikin shi ne Ya'ƙub.

Ya'ƙub Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar zuwa Makka, ya iso Mai Wurno a bakin kogi a ƙasar Sudan, ya ce bari ya ɗan huta. Can aka binne shi da tsufansa, yana kan hutawar. Jikan ya gaji wannan hali tsaf, domin shi ma ya shigo Alƙahira ne yana saurayi da nufin ya ɗan yi wata biyu ya wuce, ga shi har furfura ta fito masa a kan teburin guga. Irin gugar da yake yi ta mutanen dā ce: ya cika baki da ruwa, ya fesa wa riga feshi siriri kamar yayyafi, sannan ya ɗora dutse. Mu Hausawan unguwa da ke kai masa kaya mukan tsokane shi cewa rabin rigunan Ainu Shams da yawunsa suke zuwa masallaci. Yakan yi murmushi kawai, don galibi bakinsa cike yake da ruwa.

Yana da mata, Awadiyya, ita ma 'yar Mai Wurno, da 'ya ɗaya, Wijdan, wadda aka haifa a Alƙahira, Larabcinta kuwa ba ka bambanta shi da na 'ya'yan maƙwabta.

Bayan juyin juya halin 2011, 'yan sanda suka ɓace daga unguwa, samari suka riƙa tare hanya da sanduna, baƙon da fatarsa ta yi duhu kuma shi ake fara tsayarwa. Wata rana aka yi harbi a bakin layi lokacin da Wijdan ke dawowa daga makaranta. Ba abin da ya same ta, amma ta daina cin abinci sai da lallashi. Awadiyya ta ce khalas, ya isa haka, su tattara su koma gida. Yayanta yana da ɗaki a Mai Wurno, kuma can ma mutane na sa tufafi, za su so a goge musu. Ya'ƙub ya ce ta yi haƙuri a yi zaɓen shugaban ƙasa tukuna, ƙasa za ta zauna.

Wannan tabbaci nasa daga wayar shago ya samo shi. Waya ce ta girke, baƙa, a kan kanta kusa da kwandon kaya, kuma ta nan kowa ke samun Ya'ƙub, don tururi ya daɗe da kashe ta hannunsa. Ana gab da zaɓen 2012 sai wayar ta fara kawo wata irin murya, ta budurwa mai ladabi, daga wani kamfanin jin ra'ayin jama'a, tana tambaya wa maigida zai zaɓa. Amm Hasan ya girma a zamanin da baƙuwar murya mai tambayar siyasa ba a amsa mata sai in mutum ya gaji da kwana a gidansa. Da ya ji tambayar sai ya miƙa wa Ya'ƙub kan wayar kamar ta ƙona shi, ya yi masa raɗa cewa ya ce ba ya nan.

Ya'ƙub bai ce haka ba. Tun da ya shigo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai, in ban da yawan sitati. Ya gyara murya, ya yi Larabcin Masar irin na 'yan gari, ya ce shi dattijon nan mai magana a hankali zai zaɓa, wanda ba na tsohuwar gwamnati ba ne, ba kuma na masu gemu ba. Yarinyar ba ta tambaye shi ko yana da ƙuri'a ba, shi kuma bai ga dalilin ɗaga maganar ba. Daga baya wasu kamfanonin ma suka kira, ya ba su amsa iri ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ya ga jarida ta buga sakamakon jin ra'ayin, da sandunan zane dogaye da gajeru, sandar mutuminsa tana can sama. Ya yanke shafin, ya goge shi da dutse mai ɗumi har ya miƙe, ya kai wa Awadiyya. Ya ce mata wannan ba hirar gidan shayi ba ce, ilimi ne, mutane masu digiri ne suka tambayi Misirawa bakinsu da bakinsu. Ta duba takardar ta gaba, ta duba bayanta inda aka yi tallar firji, ta miƙa masa.

"Abu Wijdan, in mutuminka ya ci, mun zauna. In bai ci ba fa?"

"In bai ci ba, ni da kaina zan ɗaure kayan."

Ta sa shi ya maimaita a gaban Wijdan.

Aka yi zaɓe, mutuminsa ko zagaye na biyu bai kai ba. Aka bar mutum biyu, na tsohuwar gwamnati da na masu gemu, daidai biyun da rabin unguwa ke rantsuwa ba za su zaɓa ba. Masu kawo guga suka riƙa shigowa fuska a sake, ba fushi ba murna, kamar waɗanda suka dawo daga jana'izar wanda ba su sani ba sosai. Wani ya ce zai je ya zana jaki a takardar ƙuri'a. Wasu suka ce za su matsa lemun tsami su haɗiye ɗaya daga ciki, yadda ake yi wa abincin da ya fara juyawa. Amm Hasan ya dawo da tawada a ɗan yatsa a zagaye na farko, ya sake dawowa da ita a na biyu, har yau kuma ba wanda ya san inda ya dangwala, har matarsa.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sakamakon zagaye na farko, Ya'ƙub ya je wani suna a Hadayek el-Maadi, inda 'yan Sudan ke da yawa. Can ya zauna kusa da abokinsa Tarig, mai dafa abinci a gidan wani attajiri a Zamalek. Tarig yana dariya ya ba shi labarin yadda matar attajirin ke tura masa waya duk lokacin da masu tambayar zaɓe suka kira, shi kuma ya zaɓa mata dattijon nan mai magana a hankali, don da gani ba zai kori baƙi ba. Wani mai gadi da ke gefe ya ce shi ma haka, wata mai aikatau ta leƙo daga wajen mata ta ce ita har sau biyu.

Ban ce masu gadi da masu guga ne suka cika sandunan jarida ba. Masana sun kawo dalilansu, masu tsawo, a talabijin. Amma Ya'ƙub ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Ya zol," in ji shi, yadda 'yan Sudan ke kiran juna, "ashe muryarmu muka saya a jarida muka karanta."

Tarig ya ce ma'alish, sai haƙuri, ya ja farantin naman gabansa.

Awadiyya ba ta yi masa gori ba. Ta fito da akwatuna ta jera a tsakar ɗaki. Ya ɗaure kayan da kansa kamar yadda ya alkawarta, ɗauri mai kyau, amma da aka zo kan nasa sai ya ce su yi gaba, shi zai ga yadda zagaye na biyu zai kaya, kuma bai kamata ya bar Amm Hasan da tulin kayan mutane ba. Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗauki farar jallabiyarsa ta Juma'a, wadda ya goge da hannunsa, ta shimfiɗa a saman akwatinta, ta ce za ta rataye masa ita a can, ranar da ya iso ya sami abin sawa. Ya raka su jirgin ƙasa na Aswan, daga nan su hau na ruwa zuwa Wadi Halfa. Wijdan ta yi ta ɗaga masa hannu ta taga.

Zagaye na biyu ya wuce, ya ce sai an gama rubuta tsarin mulki. Aka gama, ya ce sai an ga yadda zanga-zanga za ta ƙare. Ta ƙare yadda ta ƙare a 2013, Juma'a ta zama ranar rufe shago da wuri a Ainu Shams saboda arangama, ya ce ai yanzu hanya ba lafiya. Bai daina karanta sandunan jarida ba, sai dai ya daina yanke su. Yakan duba su ne yadda mutum ke duba agogon da ya san ya tsaya.

Suna kiransa ta wayar shago lokaci-lokaci. Da fari Wijdan takan ce, da harshen Alƙahira, Baba yaushe za ka zo. A hankali harshen ya koma na Sudan, Baba ya zama Yaba, daga baya tambayar ma ta faɗi daga cikin gaisuwar, ba wanda ya tsince ta.

Ina shagon ranar da Awadiyya ta kira, ana shirin wani zaɓen a 2014, shi ma na mutum biyu, kowa kuma ya san sakamakonsa tun ba a buga takardu ba. Bayan gaisuwa ta gaya masa cewa jallabiyar ta fara yin ja a wajen rataya, don haka ta ba yayanta, ya yi Juma'a da ita, ta zauna masa daidai. Ya'ƙub ya ce tamam, ya yi kyau. Sannan ya ce ta gaya wa yayan nata kada ya ɗora mata dutse mai zafi sosai, yadin ba ya so. Ta ce to. Suka yi sallama.

Bai kai ga teburinsa ba wayar ta sake ƙara. Budurwa ce mai ladabi, tana so ta ji ko maigida ya gamsu da inda ƙasa ta dosa.

"'Yata, ni baƙo ne," in ji Ya'ƙub. "Ba ni da ƙuri'a a nan."

Ta ce ma'alish, ko akwai ɗan ƙasa kusa? Ya waiwaya bakin ƙofa. Amm Hasan ya girgiza yatsa, ya nuna da hannu cewa ba ya nan. Ya'ƙub ya gaya mata babu kowa, ya ajiye wayar, ya shimfiɗa rigata a kan tebur, ya kurɓi ruwa ya cika bakinsa.