Mai Safa, Kyanwar Shagon Tela

Haihuwarta

An haifi Mai Safa a watan Maris na shekarar 2011, cikin kwandon ƙyallaye a shagon Tela. Uwarta baƙar kyanwa ce mai yawon katanga. Ubanta kuwa, har yau babu muzurun da za a iya rantsewa a kansa. Fararen ƙafafunta ne suka jawo mata wannan laƙabi.

Aiki da zaman gida

Ta kama aikin gadin yadudduka tana 'yar wata bakwai, kuma tsawon shekara goma ɓera bai taɓa ɓata wa Tela ɗinki ba. Bayan rasuwar matarsa a 2017, ita ta zama abokiyar cin abincinsa, ba ya kai loma baki sai ya ajiye mata tata. Har tsiya 'ya'yansa suke yi masa, wai Baba ya samo musu ƙanwa.

Rashin lafiya

A watan Yunin 2022 ƙari ya fito mata a ciki. Likitar dabbobi ta sa ranar tiyata, ta tabbatar aikin bai wuce minti arba'in ba, amma ta gargaɗi Tela har sau uku: kada kyanwar ta ci komai ranar, domin in ta yi amai bayan allurar barci, zai gangara huhunta.

Da safiyar ranar, Mai Safa ta zauna gabansa tana bin lomarsa da ido. Tausayi ya kama shi. Haba, wace irin tiyata ce ɗan guntun kifi zai ɓata? Ya miƙa mata.

A asibiti likita ta tambaya: "Baba, ta ci wani abu?"

Kunya ta rufe shi. Ya ce: "Ko ruwa ba ta sha ba, 'yata."

Mutuwarta

Ba a yi minti ashirin ba likita ta fito, ko safar hannu ba ta cire ba.

"Baba, kifi na gani a maƙogwaronta. Da ka faɗa mini, ai sai mu ɗaga zuwa gobe."

Gobe kawai! Tela na tsaye riƙe da kwandon da ya kawo ta a ciki.

Ta mutu ranar 14 ga Yuni. Ya naɗe ta a yadi mafi kyau na shagon, ya binne ta a bayan ɗakin guga. Ta bar 'ya'ya huɗu: Baƙi, Guntuwa, Mai Tabo da Sarkin Barci. Ta kuma bar Tela, wanda har yau yakan gutsuro lomar farko, ya duba ƙasa, sannan ya mayar da ita kwano.