Na Goge Muryar Ubanta da Layi Ɗaya

A lokacin ina saurayi mai ji da kansa, na bar makarantar lise na buɗe 'yar rumfar tura waƙoƙi da wa'azi a kasuwar Magariya. Wani abokina ya koya mini goge kile, wato ɗan ma'ajin nan da ake soka wa ordinata (kwamfuta), ta baƙin allo inda ake rubuta umarni da hannu. Haddace layin umarnin na yi kamar karatun allo, ban taɓa tambayar ma'anarsa ba.

Cikin masu zuwa wurina akwai wata mata daga wani ƙauyen Dungas, wadda mijinta ya tafi nema Aljeriya ya rasu a can. Saƙonnin muryar da ya riƙa turo mata suna cikin wayarta, wayar kuwa ta fara lalacewa. Ta roƙe ni in ajiye mata su a ordinatata har 'yarsu, wadda bai taɓa gani ba, ta yi wayo ta ji muryar ubanta. Na kwafe su a ciki, na ce ta kwantar da hankalinta. Ba a jima ba wayar ta mutu murus, ban kuma kwafe su a wani wuri ba.

Ran wata kasuwa kuran, wato lantarki, ya ɗauke, da ya dawo na kunna ordinatar da kilen wani a jiki. Ashe in ta tashi haka, sunan kile da na ma'ajin cikinta kan iya musanyawa. Na rubuta layina don in goge kilen, na danna, ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Can sai komai ya tsaya cak. Na kashe na kunna, ta ƙi tashi. Ban yi salati ba, ban ji komai ba, na zauna ina kallon mai tsire yana juya nama. Mai gyara a Damagaram ya ce umarnin ya bi ta kan komai ya shafe, ba abin da zai dawo.

Da matar ta zo na faɗa mata. Ta tambaye ni ko sallamarsa ma ba ta rage ba, na ce babu. Ta gyara goyonta, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tafi. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na gane cewa ordinata ba ta san nufinka ba, abin da ka rubuta take aikatawa. Don Allah kada ku danna umarnin da ba ku san fassararsa ba, amanar mutane kuma ku kwafe ta wuri biyu. Ni na sayi wata ordinatar na ci gaba da sana'a. Yarinyar ta shiga lakwal, makarantar boko, yanzu, ba za ta taɓa jin muryar ubanta ba, kuma ni ne sanadi.