Alwalar da na yi a kan dutsen ƙanƙara

Mun tashi daga Greensboro da asuba, ni da babbar 'yata mai karatu a jami'a da wata ƙawarta Baturiya. Wai za su kai ni sikiyin, wato sulu a kan ƙanƙara da dogayen katakai biyu a ƙafa. Awa uku muna tafiya. Daga garin Boone hanya ta fara murɗewa, gishirin da ake zuba wa titi saboda ƙanƙara ya yi wa motata fari fat. A gidan mai na sayi shayi, ruwan zafi ne kawai da suna, kuɗinsa kuwa ya isa buhun biredi a Maraɗi.

Tun a gindin dutsen raina ya ɓaci. Ina kujerun nan masu ɗaukar mutum sama da nake gani a bidiyo? Babu. Ashe irin nasu na daji ne, da ƙafarka za ka hau. Aka manna mana wata fata mai gashi a ƙarƙashin katakan don kada su zame baya, muka yi ta ja. Ni direban tirela, mai shekara hamsin da ɗoriya, ina haki a bayan yara. Gaskiya wurin akwai kyau, itatuwa sun sha fari, shiru kamar ba kowa a duniya. Amma ban zo kallo ba.

A sama azahar ta same mu. Na ciro filas ɗin ruwan ɗumi zan yi alwala. 'Yata ta ce, rabi Hausa rabi Turanci, "Baba, don Allah kar ka cire takalmi. Ka yi taimama."

Na ce mata, "Ke da aka haifa a unguwar Glenwood za ki koya mini alwala? Ga ruwa a hannuna."

Na wanke ƙafa, iska ta bugo, safata ɗaya ta faɗa ƙanƙara ta jiƙe. Haka na zura ta. Saukowar ban da faɗuwa ba abin da na yi, kuma tun rabin hanya na daina jin yatsun ƙafar dama. Da muka cire takalmin a mota sun yi fari kamar ɓararren rogo. Nan na tsorata, don da ƙafar nan nake taka birki, da ita nake ciyar da gida biyu.

'Yata ta matso kusa da ni. Ta zuge rigar sanyinta, ta ɗauki ƙafata ta tura a cikinta. Na ce wallahi ba za a yi wannan abin kunya a gaban baƙuwa ba. Ta riƙe gam, tana karkarwa, har yatsun suka fara zugi.

Likita ya ce yatsun za su warke, amma sati biyu ba tuƙi. Ranar Juma'a na kai ƙarar 'yata wurin malamin masallacinmu, yana gama ji ya ce, "Alhaji, ai ko a kan ƙanƙarar ana taimama idan ana tsoron cuta. Wa ya ce ka cire takalmi?"

To kun ji. Na je da haushin dutse, na dawo da haushin kaina. Abin da tafiyar ta koya mini kuma a gidana na McLeansville, gefen Greensboro, na biya shi, a falona, da na kira yarinyar nan na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Baba, ƙafar ta fi sauƙi?"