Mutumin Dutse Mai Ɗaga Hannu

A unguwar Karantina ta Jidda na tashi, a ɗakin langa-langa mai riƙe zafi kamar tukunya. Bayan magariba kakarmu, wadda muke kira Sitti, takan fito da murhun gawayi ta ɗora shayi. In ta ce "Ga ta nan", mu ce "Yalla, ta zo", sai ta harare mu don mun ɓata mata amshi da Larabci.

Sitti ba da baki kawai take tatsuniya ba, kafaɗa da ido da yatsu duk aiki suke. Labarin da ta fi so kuwa da idonta ta gan shi. Tana yarinya, suna tahowa hajji a ƙasa, ayarinsu ya yada zango a wani kango a bakin Kogin Nilu. A jikin dutse mutanen da sun sassaƙa sarki a zaune, fadawa sun sunkuyar da kai, mutum ɗaya a tsaye ya ɗaga hannu, yatsu a ware.

"Daƙuwa ce ƙiri-ƙiri!" in ji ta, tana gwadawa ga bango, don a wurin Bahaushe ware wa mutum yatsu zagin uwa ne. Wai talaka ne sarki ya ciyar, da ya ƙoshi ya zage shi, hannun ya ƙi sauka har ya zama dutse.

Ni kuwa tausayin mutumin ya hana ni sakat. So nake ta wanke shi. Na ce, "Sitti, wallahi ustaz ɗinmu haka yake ɗaga mana hannu a madrasa. Sallama ce."

"To iyayenku yake zagi. Kai maigidana, ka taɓa zuwa Nilu?"

"Amma Sitti..."

"Halas, magana ta ƙare! Ni na gani ko kai?"

Na sha tayar da maganar, kullum ta ce in rufe mata baki shayi na hucewa. Har Allah ya karɓi ranta, a wurinta mutumin nan butulu ne.

Da na girma na ga hotunan irin wannan sassaƙa, na karanta cewa masassaƙan da sukan buɗe tafin hannu don gaisuwa ko sa albarka. Daɗi bai zo mini ba, haushi ma ya ƙaru, don ba wadda zan ruga in nuna wa. Bawan Allah ya yi ɗaruruwan shekaru a bakin hanya yana sallama, ayarin Hausawa guda ya kwana a gabansa, ba wanda ya amsa masa.