Hayaƙin Ɓuntu da Jan Gajimare

Da na bar koyarwa na sayi 'yar na'urar hangen nesa mai araha, na kafa ta a kan sorona a Kura. Burina hoton wani jan gajimare da ke tsakanin taurari, can gefen Kaza da 'Ya'yanta. Hoton ba ya fitowa sai an tara haskensa dare goma ta gilashin da ke tace komai ya bar ja kawai. Gilashin ya yi maganin fitilun gari, amma bai san hayaƙi ba.

Na tara dare shida ke nan maƙwabcina mai injin casar shinkafa ya cinna wa tsibin ɓuntunsa wuta, ga shi ɓuntu kan yi makonni yana ci. Da safe na same shi.

"Alhaji, a daure a zuba masa ruwa. Kwana huɗu kawai nake nema."

"Malam, wai me kake ɗauka a saman?"

Na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Ai wannan ma hayaƙi ne. Naka na sama halal, nawa na ƙasa haram?"

Washegari ya ƙara ɓuntu. Hoton dare shida na nan a bangona dishi-dishi, kuma har yau ko a masallaci ba ma haɗa sahu.