Baffa Sale ya kama makirfo

Kun dai san hannun Baffa Sale ba ya zama shiru. Kwano, benci, gadon bayan sa a kasuwar shanu, duk abin da ya samu sai ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali yana gyaɗa kai. Mu mun ɗauka tsufa ne. Ashe dillalin shanun nan mai furfura kiɗan rege yake haɗawa.

Ranar da ya ce in raka shi Sabon Gari wajen Yohanna, wani ma'aikacin jami'a mai ɗaukar waƙa a ɗakinsa, na zaci cinikin shanu ne. Sai na ga Baffa ya gyara hula ya kama makirfo. Na saki baki.

Yohanna ya ce, "Baba, a sa ta soyayya ko guda ɗaya, ita matasa ke so."

"Na gama soyayya tun ba a haife ka ba. Kunna, kwata zan yi wa waƙa."

Faifan farko ya fito, ya bi wayoyin Wudil kaf. Akwai waƙar maganin jabu, akwai ta wani da ya gina dakali a kan kwata, ruwa na shiga gidajen maƙwabta. Babana, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo yana huci.

"Yaya, ni ka yi wa waƙa?"

"Na kama suna?"

"Ka ce mai shago, mai haƙorin Makka."

"To kai kaɗai ka je Makka a garin nan?"

Babana ya daina gaishe shi, amma kafin damina ya fasa dakalin.

Waƙar da ta fi girgiza mu ita ce ta dillalai masu ba shanu gishiri su ɗirki ruwa, ciki ya cika kafin ciniki. Shugabansu, Alhaji Ado, ya kori Baffa daga rumfar dillalai a gaban jama'a. Baffa ya kaɗe riga ya ce, "Madalla. Dama faifai na biyu na jira na."

Bai yi shi ba. Zazzaɓi ne, kafin mu ankara ya tafi.

Ana zaman makoki sai ga muryar Baffa ta tashi daga aljihun Alhaji Ado, kira ne ya shigo, ashe waƙar Baffa ya sa ta zama ƙarar wayarsa. Alhaji ya ƙi ɗauka, ya bar ta har ta ƙare, yana share ido da hannun riga.

Allah ya jiƙan Baffa Sale, ya haskaka kabarinsa, ya sa gaskiyar da ya rera ta cece shi. Amin.