Randunan Inna Batula

A da, duk amaryar da aka kai ɗaki tsakanin Tamawa da Kurfi, da wuya ba a sa mata randar Inna Batula a cikin kayanta ba. Tun tana yarinya take ginin tukwane, tana kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi kamar yadda uwarta ta koya mata. Da roba ta cika kasuwa ciniki ya mutu, sai masu zuwa sayen tukwanen rufe kabari. A ƙauyensu ba a jera itace a kan ƙaramin ramin mamaci, randa ake rabawa biyu a kife.

Da ta ji ƙarfinta ya fara ƙarewa, sai ta gina manya uku, ta gasa su da kyau, ta kife a bayan ɗaki. Kowa ya san na kabarinta ne.

Sannan 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Ɗanta Usaini ya ɗauko ta a babur zuwa Dutsin-Ma, suka raɓe a gidan wani ɗan'uwa. Kullum tana tambayar randunan, kullum yana cewa suna nan lafiya. Ramin yumɓun ma yana cikin dajin da ba mai shiga yanzu.

Ran nan jikarta Sakinatu, mai karatu a garin, ta ce za ta kai ta wani ɗakin ajiye tukwanen gargajiya da aka buɗe, ko ta ɗan sami sanyin rai. Inna Batula ta bi tuluna da kasake tana dubawa. A kusurwa, bayan wata igiya, ta tsaya. Ga randunanta nan su uku, da zanen tsinken da take yi a wuya.

"Yaro, wa ya kawo waɗannan?"

Mai gadin ɗakin ya rusuna. "Wani bawan Allah ne, Inna. Ya ce ya kwaso su daga ƙauye, ba shi da wurin ajiya."

"Kabarina ne ka sa wa igiya."

"Subhanallahi! Inna, ai sun zama kayan tarihi. Ni ba ni da ikon fitar da ko murfi."

"To tarihin zai zo ya rufe ni?"

Da ta koma gida Usaini ya sunkuyar da kai, ya amsa cewa shi ya kwaso su ya kai can. Ya ce ɗakinsu ɗaya, ina zai sa su? Ya yi alkawarin zai karɓo. Ya je, aka ce shugaban wurin ya yi tafiya. Ya koma, aka ce sai an zauna.

Ba a zauna ba har damina ta faɗi, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi. Usaini ya ruga ɗakin tarihin, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ga jama'a na jira a maƙabarta. Da guntayen itacen darbejiya aka rufe ta.